Daga Mount Hermon Zuwa Rumasha: Tarihin Ɗaliban Mishan da Gidajen Marayu



A kowace shekara, tsakanin watan Yuni da Agusta, lokacin da jami'o'in Amurka da na Turai ke dogon hutu, ayarin samari da 'yan mata kan sauka a filin jirgin saman Akra sanye da riguna iri ɗaya. Majami'unsu ne ke turo su. Sukan nufi wani gidan yara, su shafa wa ɗakuna fenti, su koya wa yaran waƙa da wasa, su raba littattafai da takalma, bayan mako ɗaya ko biyu su koma inda suka fito. A zangunanmu ra'ayi ya rabu biyu a kansu. Wasu na ganin alheri ne tsantsa wanda mu muka kasa yi, wasu kuwa na ganin dabara ce ta raba yara da addinin iyayensu. Kowane ɓangare ya riƙi wani yanki na gaskiya, amma ba a iya yin hukunci na adalci sai an san mafarin abu. Maganar kuwa ta shafe mu, domin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar a ɗakin haya, ita ce wadda wata rana za a ce wa ta kawo biyu a riƙe mata. Waiwaye adon tafiya, bari mu koma baya.

YADDA GIDAN MARAYU YA HAƊU DA AIKIN MISHAN

A shekarar 1695, a birnin Halle na ƙasar Jamus, wani malamin Kirista mai suna August Hermann Francke ya buɗe makaranta don 'ya'yan matalauta, bayan 'yan shekaru kuma ya gina babban gidan marayu. Shi malami ne a jami'ar garin, saboda haka ɗalibansa ne suka riƙa koyar da yaran, ana ba su abinci a madadin lada. Daga cikin almajiransa aka sami mutum biyu da suka isa kudancin Indiya a 1706 don yin wa'azi. Ke nan tun daga tushe abubuwa uku suka haɗu a gida ɗaya: maraya, ɗalibin jami'a, da mai wa'azi a ƙasar waje.

Wani ɗalibin Halle na baya, George Müller, ya ɗauki wannan tsari ya kai shi birnin Bristol na Ingila a 1836. Kafin rasuwarsa a 1898 yara fiye da 10,000 sun bi ta gidajensa. Labarinsa ya bazu a majami'u, har ya zama duk wanda ya ji kalmar tausayi sai ya tuna da dogon gini mai jerin gadaje.

Da tsarin ya ƙetaro Afirka sai ya tarar da wani hali dabam. A 1867 da 1868 yunwa da cutar kwalara suka afka wa Aljeriya, wadda ke hannun Faransa a lokacin. Babban limamin Katolika na birnin Aljiyas, Charles Lavigerie, ya tattara yara Musulmi fiye da dubu waɗanda annoba ta ɗaiɗaita. Ya ciyar da su, ko da yake da yawa sun mutu saboda halin da aka same su a ciki. Da yunwa ta lafa, gwamnan mulkin mallaka, MacMahon, ya nemi a mayar da yaran ga danginsu, don gudun fushin jama'a. Lavigerie ya ƙi. Waɗanda suka rayu a hannunsa aka yi wa da yawansu baftisma, aka kafa musu ƙauyuka nasu. A cikin wannan hidima ce ya kafa ƙungiyar limaman da ake kira Fararen Fada a 1868, su ne kuma suka iso Navrongo a arewacin ƙasar nan a 1906. Tambayar da ta raba gwamna da limami a Aljeriya ita ce har gobe ake yi: idan ka ceci yaro daga mutuwa, ya zama naka ke nan, ko kuwa yana nan ɗan gidansu?

ALKAWARIN MUTUM ƊARI

A watan Yuli na 1886, shahararren mai wa'azin Amurka, Dwight Moody, ya tara ɗalibai kimanin 250 daga kwalejoji dabam-dabam a wata makaranta mai suna Mount Hermon. Sun shafe kusan wata guda ana karatu da addu'a. Kafin a watse, mutum ɗari daga cikinsu suka sa hannu a kan alkawarin cewa za su tafi aikin mishan a ƙasashen waje. Ɗaya daga cikinsu, Robert Wilder, ya zaga kwalejojin ƙasar a shekarar da ta biyo, ya samo ƙarin mutum fiye da 2,000. A 1888 aka tsara tafiyar ta zama ƙungiyar ɗalibai 'yan sa-kai, aka naɗa John Mott shugaba. Burinsu shi ne a isar da bishara ga duniya baki ɗaya kafin tsaransu su ƙare. An ƙiyasta cewa mutum sama da 20,000 ne suka tafi ƙasashen waje ta wannan hanya a cikin shekarun da ƙungiyar ta yi tana tashe. Ingila ma ba a bar ta a baya ba, domin tun a 1885 wasu samari bakwai masu alaƙa da jami'ar Cambridge suka bar dukiya da muƙami suka tafi ƙasar Sin.

Abin lura shi ne alkawarin nan na tsawon rai ne. Wanda ya shiga jirgin ruwa ya san mai yiwuwa ba zai sake ganin mahaifiyarsa ba. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa, babu ko ɗaya cikinsu da ya kai shekara talatin. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, shi ne kuma ya gina mishan ɗin da aka sani da SIM, wadda daga baya ta kai Damagaram da Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Duk abin da mutum zai faɗa game da manufarsu, mutanen wancan zamani sun zauna, sun koyi harshe har suka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wasunsu kuma a nan aka binne su.

Manufar tasu ba ɓoyayya ba ce. A babban taron 'yan mishan na duniya da aka yi a Edinburgh a 1910, wanda John Mott ya shugabanta, an yi magana a fili kan yadda Musulunci ke yaɗuwa a Afirka ta hannun fatake, da buƙatar a riga shi isa ga ƙabilun da ba su karɓe shi ba. Fataken nan kuwa, a Afirka ta Yamma, kakanninmu na daga cikinsu.

GIDAN RUMASHA

Misali mafi kusa da mu ya faru ne a bakin kogin Binuwai. Bayan Turawan Ingila sun kama Arewacin Najeriya, Gwamna Lugga ya fitar da doka a 1901 wadda ta haramta cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Sai dai fataucin bai tsaya nan take ba. Ya koma ɓoye, ya kuma fi ƙarfi a kan ƙananan yara, domin sun fi sauƙin ɓoyewa cikin ayari ko cikin kwalekwale. Da yawansu daga yankin Adamawa ake kwaso su, har da ɓangaren da ke hannun Jamus a lokacin, wato Kamaru ta yau. Yunwar da aka yi a farkon ƙarnin ta sa wasu iyaye suka ba da 'ya'yansu a bakin hatsi.

Idan an kama ayari aka ƙwace yaran, sai a rasa inda za a kai su, domin wani yaron bai san sunan garinsu ba, wani kuma babu mai jin harshensa. Don haka gwamnati ta buɗe gidajen 'yantattun bayi, ɗaya a Zungeru, ɗaya a Barno, a wajajen 1904. Yaran kan iso a rame da cuta, mutuwa ta yi yawa a cikinsu, kuɗin kula da su kuma ya dami gwamnati.

A daidai wannan lokaci wani Bajamushe mai suna Karl Kumm ya kafa ƙungiyar Sudan United Mission a 1904, suka fara sauka a Wase. Burinsa shi ne ya jera tashoshin mishan daga Kwara har zuwa kogin Nilu, su zama shinge tsakanin Musulunci da ƙabilun kudu. Turawan mulki sun hana 'yan mishan sakewa a cikin masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba, amma yaran da ba su da mai tsaya musu wannan kariya ba ta kai gare su ba. Matar Kumm, Lucy, ta rasu a Amurka a 1906, aka tara kuɗi da sunanta aka gina gidan yara a Rumasha. A 1909 gwamnati ta rufe gidan Zungeru ta miƙa yaran ga wannan mishan.

A Rumasha an koya musu karatu da rubutu, da noma da sana'o'in hannu, aka kuma rene su a kan addinin Kirista. A 1918 aka mayar da gidan Wukari, a 1925 aka rufe shi, domin yaran da ake ƙwatowa daga hannun masu fatauci sun ragu ƙwarai. Daga cikin waɗanda suka tashi a gidan aka sami malaman makaranta da masu wa'azi na farko da mishan ɗin ta dogara da su. Majami'un da suka tsiro daga wannan aiki su ne suka haɗu a 1955 a ƙarƙashin suna na Hausa, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan.

Akwai darasi biyu a labarin Rumasha, kuma kada ɗaya ya rufe mana ido daga ɗaya. Na farko, gaskiya ne an yi amfani da gidan yara don dasa addini a zukatan waɗanda ba su da ikon zaɓi. Na biyu ya fi ɗaci: waɗanda suka raba yaran nan da iyayensu tun farko ba 'yan mishan ba ne. Masu fatauci ne na ƙasashenmu, masu sallah da yawa a cikinsu. Wanda ya yar da abu a hanya ba shi da bakin tuhumar wanda ya tsinta. Haka kuma a lura, gidan ya rufe ƙofarsa da kansa ranar da buƙatarsa ta ƙare.

DAGA TSAWON RAI ZUWA MAKO BIYU

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka sauya. Jirgin sama ya mayar da tafiyar makonni ta zama ta kwana ɗaya, magunguna kuma suka rage tsoron zazzaɓi. A 1957 wani ɗalibi Ba'amurke, George Verwer, ya tafi Meziko da abokansa biyu lokacin hutu don raba littattafan addini, daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission a kan ra'ayin cewa matashi ba sai ya yi doguwar makarantar addini ba kafin a tura shi. Gwamnatoci ma suka bi sahu da nasu tsarin wanda ba na addini ba. Gana ce ƙasa ta farko da 'yan sa-kai na Peace Corps suka sauka, a ƙarshen watan Agusta na 1961, zamanin Kwame Nkrumah da Shugaba Kennedy, kimanin mutum hamsin, akasarinsu malaman makaranta.

Sannu a hankali gajeriyar tafiya ta rinjayi doguwa. Wani masanin zamantakewa na jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta a farkon wannan ƙarni cewa Amurkawa masu zuwa coci kimanin miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan tafiya a kowace shekara. Gidan yara ya zama zangon da aka fi so, kuma dalilin a fili yake. Gina asibiti yana buƙatar ƙwarewa, koyarwa tana buƙatar harshe, amma rungumar yaro ba ta buƙatar komai, kuma hotonta shi ya fi motsa zuciyar waɗanda suka ba da kuɗin tafiya.

Mafi yawan ɗaliban nan da kyakkyawar niyya suke zuwa. Wasu sukan yi aikin ƙwadago na watanni don tara kuɗin jirgi. Wasu tafiyar kan canza rayuwarsu, su koma su karanci likitanci ko aikin jinya. Matsalar tana cikin tsarin da ya ginu a kan zuwan nasu.

KASUWAR DA TA BUƊE

Inda baƙi ke kawo kuɗi saboda akwai yara, dole a sami mai neman yara saboda a kawo kuɗi. A Kambodiya, binciken da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2011 ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, a daidai lokacin da masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa, alhali kusan uku cikin huɗu na yaran suna da uwa ko uba a raye. A nan Gana, Sashen Jin Daɗin Jama'a ya ƙidaya gidaje 148 a 2009, ya tarar 'yan ƙalilan ne kawai ke da lasisi, mafi rinjayen yaran kuma suna da iyaye ko dangi. A wannan shekarar ƙungiyar Save the Children ta bayyana cewa a duniya baki ɗaya, aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da mahaifi ɗaya ko duka biyu a raye. A 2010 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya shiga gidan yara na Osu a ɓoye, hotunan da ya fito da su na sakaci da cin zarafi suka girgiza ƙasar nan. Wannan gidan na gwamnati ne, abin da ke nuna cutar ba ta tsaya ga gidajen majami'u kaɗai ba.

Wani ɓangare na ruɗanin daga kalma ya taso. A wurinmu, kamar yadda yake a fiƙihu, maraya shi ne yaron da mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, ko da uwarsa na nan da ranta. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana lissafa wanda ya rasa mahaifi ɗaya a cikin marayu. Amma Ba'amurken da ke zaune a coci, idan ya ji an ce miliyoyin marayu, abin da ke zuwa ransa shi ne yaran da ba su da kowa a duniya. Sai ya ba da kuɗin gina ɗaki da gado, alhali abin da yaron ke buƙata shi ne kuɗin makaranta da jarin da uwarsa za ta juya. Talauci, da rashin lafiya, da naƙasa, da neman ilimi, su ne ke kai yawancin yara gidajen nan. Riƙe yaro a irin wannan gida kuwa ya fi tallafa masa a gaban danginsa tsada ninkin-ba-ninkin.

ABIN DA KE SAMUN YARON

Tun a 1951 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto cewa ƙaramin yaro na buƙatar mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi, kamar yadda yake buƙatar abinci. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Romaniya. Da gwamnatin Ceaușescu ta faɗi a Disamban 1989, aka tarar da yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati. Daga shekarar 2000 masana suka bi diddigin yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka kai cikin iyali sun fi sauran ci gaba ta fuskar hankali da magana da shaƙuwa, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, a ɗora ziyarar mako biyu a kan wannan. Yaro ya sami wadda ke goya shi, tana kiran sunansa, ya fara sakin jiki da ita, sai ya wayi gari ta tafi. Wata mai zuwa wata ta zo, ita ma ta tafi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Baƙi kan yi murna idan suka ga yara sun sheƙo a guje sun rungume su tun a bakin ƙofa, suna ɗauka ƙauna ce. Masana halayyar yara na ganin wannan alamar rauni ce, domin yaron da ke da uwa tsayayya yakan ɓuya a bayan zanenta idan ya ga baƙuwar fuska. Ban da haka, gidan da kowa ke shiga ba tare da an binciki tarihinsa ba, ƙofa ce a buɗe ga mugu.

DARASIN ABESHE DA NA HAYITI

'Yan'uwanmu na Cadi ba za su manta da watan Oktoba na 2007 ba. A garin Abeshe aka tare wata ƙungiyar Faransawa mai suna L'Arche de Zoé tana shirin saka yara 103 a jirgi zuwa Faransa, da sunan marayun yaƙin Darfur ne. Ba ƙungiyar coci ba ce, amma tunanin iri ɗaya ne. Bincike ya nuna yawancin yaran 'yan ƙauyukan gabashin Cadi ne, kuma suna da iyaye ko dangi. An shaida wa iyayen cewa makaranta za a sa su a cikin ƙasar. Kotun Njamena ta yanke wa Faransawa shida hukuncin shekara takwas da aiki mai tsanani a watan Disamba, aka mayar da su ƙasarsu, Shugaba Idris Debi ya yi musu afuwa a ƙarshen Maris na 2008.

Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Hayiti ranar 12 ga Janairu 2010, an kama Amurkawa goma, yawancinsu 'yan majami'un Baftis daga jihar Idaho, a kan iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba. A nan ma aka tarar da yawan yaran suna da iyaye, waɗanda suka sallama su bisa alkawarin abinci da makaranta. A duka wuraren biyu babu uwar da ta ƙi ɗanta. An same ta ne a ranar da ba ta da abin ba shi.

GYARAN DA AKE YI

Duniya ta fara farkawa. Gana ita ce ƙasa ta farko da ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1990, ta kuma yi Dokar Yara a 1998, wadda ta wajabta wa kowane gidan yara samun izinin hukuma. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka ce talauci shi kaɗai ba hujja ba ne na raba yaro da iyayensa. A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki tara yara a gidan marayu don neman kuɗin baƙi a matsayin nau'in bautar zamani.

Adalci ne a faɗi cewa gyaran ya taso daga cikin majami'u ma. A 2009 malamai biyu na wata kwalejin Kirista a Amurka, Steve Corbett da Brian Fikkert, suka wallafa littafi mai suna When Helping Hurts, inda suka nuna wa 'yan'uwansu yadda taimako ke iya zama cuta. Ƙungiyoyin mishan da dama sun daina kai ɗalibai gidajen yara, sun mayar da kuɗin ga tallafa wa iyalai da horar da ma'aikatan gida.

NAMU KASON

Mu Hausawa ba mu gaji gidan marayu ba, riƙo muka gada. Ɗan wa na ƙane ne, 'yar ƙanwa ta yaya ce, ɗa kuwa na kowa ne. Addininmu ya girmama kula da maraya, ya tsananta a kan cin dukiyarsa, ya kuma hana a canza masa nasaba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kansa a hannun kakansa da baffansa ya tashi. Har sashe na 20 na yarjejeniyar da muka ambata ya kira kafala da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye. Abin da masana suka gano bayan dogon bincike, wato yaro ya fi kyau a cikin iyali, shi ne tsarin da muka tashi a kai.

Sai dai kada mu yi alfahari da abin da muke sakewa. Zaman birni da ɗakin haya sun raunana zumunci. Akwai 'yar riƙon da ta koma baiwa a gidan gwaggonta, ita ce talla, ita ce wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta. Akwai gadon marayun da ya narke a hannun baffa. Akwai yaran da aka tura karatu nesa ba guzuri, suna kwana a tasha. Mai wannan hali a gidansa ba shi da ta cewa idan baƙo daga Amurka ya zo da takalma da littafi. Haka kuma darasin bai tsaya kan Kirista ba: gidan marayun da Musulmi suka gina da kuɗin ƙasashen Larabawa, in ya raba yaro da uwarsa don a cika gadaje, illarsa ɗaya ce.

Saboda haka, duk wanda aka zo wa da tayin riƙe masa yaro, ko na coci ne ko na masallaci, ya nemi ganin lasisin gidan daga Sashen Jin Daɗin Jama'a. Ya tambaya ko zai iya ziyartar ɗansa duk lokacin da ya so, ya kuma ɗauke shi ranar da ya ga dama. Ya tambaya a kan wane addini za a rene shi, da wane suna za a kira shi. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba, kuma ya tafi da shaida daga fadar Sarkin Zango ko daga wurin limami. Tambaya mafi muhimmanci ita ce: kuɗin da za a kashe wa yaron a can, me zai hana a taimaka masa da shi yana gaban uwarsa?

Ga sarakunanmu da limamai da magajiyoyi da ƙungiyoyin matasa kuwa, aikin a bayyane yake. Kowace unguwa ta san gidajen da aka yi rashi. A rubuta sunayensu, a ware musu kaso daga zakka da sadakar Juma'a, a biya kuɗin makaranta da katin inshorar lafiya, a ba uwa jari, a kuma sa wani dattijo ya riƙa leƙa 'ya'yan riƙo don ganin halin da suke ciki. Ɗaliban da suka ƙetaro teku saboda yaran da ba su haɗa komai da su ba, a karɓe su da mutunci, a nuna musu inda taimakonsu zai fi amfani. Mu da muka haɗa jini da maƙwabtaka da yaran nan, hujjarmu ta fi tasu rauni idan muka zauna.

Allah Ya jiƙan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya abin da suka bari, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum.